Gidan kallon daren Litinin, inda musu ya fi fim daɗi

Wanda ya leƙa gidan kallon nan ranar Asabar ba zai ga abin da ya raba shi da sauran ba. Rufin kwano, benci goma sha biyu, talabijin biyu a sama, samari na ihun ƙwallo. Sai ranar Litinin bayan sallar isha'i ake sauke farin ƙyalle, a kunna majigi, a nuna fim mai dogon zango irin na dodanni masu aman wuta da rikicin sarauta, kamar Game of Thrones. Ni tela ne a cikin birnin Kano, tun 2015 nake zuwa, kuma abokan sana'a sun sha tambayata ko wurin ya kai a bar keke a tafi dominsa. Ba zan faɗi sunan gidan ko na mai shi ba, saboda akwai inda zan yi ƙorafi, kuma mutum ne da nake jin nauyinsa.

Kafin na san wurin, a faifai nake kallo ni kaɗai a shago. Haka na kalli Merlin har ƙarshensa a 2012, inda Arthur ya mutu, aka nuno Merlin ya tsufa yana tafiya a gefen titi, babbar mota ta wuce shi. Na kashe na'ura na zauna shiru, zuciyata cike da magana, ba wanda zan faɗa wa. Wannan ƙishin ne gidan nan ya kashe mini, shi ya sa har yau ban daina zuwa ba.

Ga yadda mai gidan yake aikinsa. Tashar HBO ta Amurka takan saki sabon kashi ranar Lahadi da ƙarfe 9 na dare agogon New York, wato ƙarfe 2 na daren wayewar Litinin a wurinmu. Shi yana biyan kuɗin wata, don haka ba ya barci a wannan dare. Yakan zauna shi kaɗai da ɗan littafi da biro, ya kalli kashin daga farko zuwa ƙarshe, yana rubuta mintin da tsiraici ya fara da mintin da ya ƙare. Da daddare idan an taru, rimot na hannunsa, littafin na kan cinyarsa, kafin a iso wurin ya tsallake. Duk wanda ya san Game of Thrones ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne, musamman a zangunan farko. Da babu littafin nan da ban taɓa zama benci ɗaya da ƙanena ko da dattijo ba. Kuɗin shiga a zuwana na ƙarshe naira 300 ne, kuma tsadar fetur ce ta kai shi nan.

Amma abin da ake saye da kuɗin, a ganina, yana jikin bangon hagu. Wani baƙin allo ne irin na makarantar firamare, da gwangwanin alli a ƙasansa. Idan kashi ya ƙare ba a kashe fitila a kori mutane. Mai gidan yakan bar inji yana aiki na tsawon rabin awa, duk mai hasashe ya tashi ya faɗa a gaban kowa, idan ya tsaya a kai sai a rubuta a allo tare da laƙabinsa. Ba a gogewa sai fim ya gaskata mutum ko ya ƙaryata shi. Doka biyu ce. Ta farko, wanda ya riga ya kalla a waya ko ya karanto a intanet bai da bakin magana, idan kuwa ya fasa ƙwai to mako biyu ba zai shigo ba. Ta biyu, ba a caca a kai. Wanda ya ci, a tafa masa, wani lokaci wani ya saya masa shayi a bakin ƙofa, shi ke nan.

Daren da na fara zuwa shi ne ƙarshen zango na biyar, a watan Yunin 2015, lokacin da 'yan'uwan Jon Snow na gadin Katanga suka yi masa taron dangi da wuƙaƙe, ya faɗi a kan ƙanƙara jini na malala. Ɗakin ya yi tsit, sai wani yaro a baya ya ce, "Wallahi bai mutu ba!" Nan aka rabu gida biyu. Masu cewa ya tafi suna da hujja mai ƙarfi: fim ɗin da ya sare kan Ned Stark tun a kashi na tara na zangon farko, ya kuma yanka ɗansa Robb da mahaifiyarsa Catelyn a wurin biki a 2013, ba ya tsoron kashe kowa. Masu cewa zai dawo suka ce a dubi jar matar nan, Melisandre, me ya dawo da ita Katanga ana saura kaɗan a kashe shi? Kuma ai an riga an nuna wani mai addininta yana tayar da Beric Dondarrion. Rubutun nan ya kwana a allo fiye da wata goma, damina ta wuce, hunturu ya wuce, allin har ya fara dusashewa, sai a farkon Mayun 2016 Jon ya buɗe ido a kashi na biyu na zango na shida. Ihun da aka yi ya sa maƙwabta suka ɗauka ƙwallo aka ci.

Akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, kowa Baba yake ce masa. Ba ya da babbar waya, Turancinsa na aiki ne, amma ban ga wanda ya kai shi karanta halin mutum ba. Shi ya fara tashi a ɗakin nan ya ce Jon ba ɗan Ned ba ne. Samari suka ce, "Baba, ina hujja?" Ya ce, "Ku yara ne. Mutumin da gaskiyarsa ce ta kai shi ga takobi, ku ce ya yi ɗa a waje, ya kawo shi gida, ya bar matarsa tana cin wuta shekara da shekaru bai faɗa mata sunan uwar ba? Wannan ba mai ɓoye laifi ba ne, mai riƙon amana ne. Ɗan ƙanwarsa ne." Daga baya na ji cewa masu karanta littattafan George R. R. Martin sun daɗe da wannan hasashe, tun bayan fitowar littafin farko a 1996, har suna taƙaita shi da haruffan sunayen Rhaegar, yariman gidan Targaryen, da Lyanna ƙanwar Ned, da Jon. Martin ɗin ma da wannan tambaya ya gwada David Benioff da D. B. Weiss kafin ya yarda su mayar da labarinsa fim: wace ce uwar Jon Snow? Su sun ciro amsar daga shafuka, Baba ya ciro ta daga sanin zumunci. Ƙarshen zango na shida ya nuna Lyanna a kan gadon haihuwa tana damƙa wa yayanta jariri, rabin maganar Baba ta tabbata.

Ragowar rabin ce ta jawo babban ƙorafina da gidan, kuma har yau idan na tuna sai raina ya sosu. Ƙarshen zango na bakwai ya fito a ƙarshen Agustan 2017, saura kwana huɗu Babbar Sallah, na bar kaftani bakwai a kan tebur na zo. A kashin nan masu fim sun haɗa abu biyu a wuri ɗaya: Bran, gurgun ɗan Ned, da Sam abokin Jon suna gano auren Rhaegar da Lyanna na ɓoye, ana jin Lyanna tana raɗa ainihin sunan yaron, Aegon Targaryen, a daidai lokacin kuma hoto yana komawa ɗakin jirgin ruwa inda Jon da Daenerys, sarauniya mai dodanni, suke keɓe. Mai gidan ya bi littafinsa, ya tsallake duka. Muka fito ba mu san an amsa tambayar da aka shekara shida ana yi ba. Washegari wani mai ɗinki ya faɗa mini a shago, a tsaye, yana karɓar wandonsa. Da na koma na ce wa mai gidan, "Maigida, ka yanke mana wuyan riga gaba ɗaya." Bai yi musu ba, ya ba da haƙuri, ya sake tara mu ranar Laraba kyauta. Tun daga nan ya canza salo: idan magana mai muhimmanci ta haɗu da abin da ba a so a gani, sai ya rufe idon majigin da kwali, a bar sauti yana tafiya. Gyaran ya yi kyau. Sai dai Baba bai samu tafinsa a daren da ya kamata ba, kuma tafin ranar Laraba bai kai na Litinin zafi ba.

Kayan aikin gidan matsakaita ne. Majigin na hannu ne, yana yin kyau idan hoton rana ne, wuraren da aka ɗauka a Maroko da Dubrovnik suna fitowa tas. Da dare ya yi a fim sai a shiga uku. Kashi na uku na zango na takwas, yaƙin Winterfell da matattu, minti 82 ne kusan duk a cikin duhu. Mutane a ko'ina a duniya sun koka da duhunsa, har masu manyan talabijin, to balle mu da farin ƙyalle da hasken fitilar mai shayi yana shigowa ta ƙofa. Muna ganin wutar takubban Dothraki tana mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wannan kam ya fito kuma ya tayar da tsikar jiki, daga nan sai inuwa da kururuwa. Ƙarshen Afrilu ne, zafi kamar a gasa gurasa, fanka uku ga mutum kusan sittin, injin kuma a bayan bango yake ruri. Da Arya 'yar Ned ta daka tsalle ta soke Sarkin Dare, shugaban matattun, rabin ɗakin tambaya suke, wa ya soki wa? Na sha ba shi shawara ya mayar da kallon Litinin kan babbar talabijin ɗin ƙwallo, ya ce na baya ba za su gani ba. Gaskiyarsa ce, amma gara a rage benci biyu a ga fim.

A daren nan hasashe da yawa suka mutu. Wanda ya fi tara magoya baya shi ne cewa Bran ne Sarkin Dare, wai ya koma baya cikin zamani ya maƙale. Ba shirme ba ne, domin an ga yadda kutsensa cikin zamanin baya ya lalata ƙwaƙwalwar Hodor tun yana yaro. Ni ma ina cikinsu. Aka goge mu da tsumma.

Sai azumi ya kama a farkon Mayun 2019, saura kashi uku fim ɗin ya ƙare gaba ɗaya. Mai gidan ya tsaya a gaban ƙyalle ya ce ba zai nuna ba sai bayan Sallah. Samari suka yi ca, wasu suka ce a yi bayan asham. Ya ce watan ba na wannan ba ne, wanda ya matsu ga wayarsa nan, amma dokar fasa ƙwai tana nan. Ya yi asarar kuɗin makonni mafi tsada a tarihin gidansa, kuma a nan ne girmansa ya ƙaru a idona. Riƙe sirrin ne ya yi wuya. Ranar 19 ga Mayu aka nuna kashi na 73, na ƙarshe, duniya ta ɗauka, sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar neman a sake zango na takwas. Na kulle Facebook na duƙufa ɗinkin Sallah. Duk da haka wani yaron shago ya ce a kunnena, "Oga, ai mai keken guragun nan aka ba sarauta." Ban ce masa komai ba, na ci gaba da taka keke.

Bayan Sallah aka nuna ukun a dare uku a jere. Musun da ya biyo bayan ƙona babban birnin, King's Landing, shi ne mafi zafi da na gani a ɗakin. Wani ɗalibin jami'a har muryarsa na rawa yana cewa an ci amanar Daenerys, matar da ta 'yanta bayi ba za ta ƙone mata da yara ba bayan gari ya miƙa wuya an kaɗa ƙararrawa. Baba ya tuna masa iyayen gijin bayi 163 da ta gicciye a Meereen ba tare da ta tantance mai laifi ba, da Randyll Tarly da ɗansa da ta sa dodo ya babbake don sun ƙi durƙusawa. Ya ce, "Ɗana, a lokacin kun tafa, don waɗanda ta ƙona ba naku ba ne."

Ni ga nawa ra'ayin, kuma da idon tela na gan shi. Yankan daidai ne, ɗinkin ne na jajibiri. Wanda ya yanka yadin ya san rigar da yake nufi tun farko, alamun suna nan. Amma zango shida na farko kowanne kashi goma ne, na bakwai aka rage zuwa bakwai, na takwas zuwa shida. A cikin kashi biyu kacal aka kashe mata Jorah, aka harbo dodonta Rhaegal, aka sare kan Missandei a gabanta, sannan aka ce ga hauka ta zo. Na san irin aikin nan, domin na ga yadda riga take fitowa idan mai ita na tsaye a ƙofa da daren Sallah: hannu ya shiga, wuya ya zauna, amma ka juya cikinta ka ga zare na reto, ba a bi kalmasa ba. Har kofin shayi na zamani suka manta a kan tebur a gaban Daenerys a kashi na huɗu, sai daga baya aka goge shi da kwamfuta. Littattafan da ake bi sun ƙare musu tun wajen zango na biyar, na ƙarshe da Martin ya fitar a jerin na 2011 ne. Wanda ya saba ɗinki da samfur a gabansa, ranar da aka ɗauke samfurin ake sanin hannunsa. Ban sa hannu a takardar kowa ba, amma na yi kwana biyu ina jin kamar an yi mini rasuwa.

Ƙorafina na biyu a kan mai fassara ne. Akwai wani matashi da ya karanta Turanci, yakan tsaya gefen ƙyalle, idan magana ta yi nauyi a dakata ya warware da Hausa. Yana da baki, kuma yadda ya fassara rantsuwar masu gadin Katanga har yau samari na maimaitawa. Matsalarsa ya karanta littattafan, sai ya riƙa cusa abin littafi cikin fassarar fim ba tare da ya bambance ba. Shekara biyu yana yi mana alkawarin Catelyn Stark za ta tashi daga mutuwa ta ɗauki fansa. A littafi haka ne, a fim ba ta taɓa dawowa ba. Mutane suka hau allo da hasashen da aka gina a kan maganarsa. Wannan fasa ƙwai ne ta bayan gida, kuma dokar gidan ba ta taɓa hawa kansa ba. Ya kamata ta hau.

Sai batun mata. Babu wurinsu. Ƙanwata ta fi ni sanin gidajen Westeros, ƙasar da labarin yake faruwa, ita ta ce mini tun zango na shida Sansa za ta ƙare da sarautar Arewa, kuma haka aka yi, amma sunanta bai taɓa hawa allo ba sai ta bakina. Na roƙi mai gidan ya ware yammacin wata rana, matarsa ta riƙe ƙofa. Ya ce yana tunani. Ya daɗe yana tunanin.

Da House of the Dragon, labarin kakannin Daenerys, ya fara ranar 21 ga Agustan 2022, na ɗauka mutane sun yi fushi ba za su dawo ba. Benci ya cika tun daren farko. Wannan labarin ma ya fi zama a bakin mutanenmu, don rikicin 'yan uba ne a kan gadon sarauta. Da Sarki Viserys yana gargarar mutuwa yana maganar mafarkin kakan kakansa Aegon, matarsa Alicent ta ɗauka ɗanta Aegon yake nufi, wani ya ce daga baya, "Da sun iya sakaya suna irin namu, a ce wa yaron Abba ko Halifa, da ba a yi yaƙi ba." Baba kuwa cewa ya yi wannan ai Tukurawa da Yusufawa ne. Ya ba yara labarin Basasar Kano: yadda Sarki Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka fice tare da Yusufu zuwa Takai, Yusufu ya rasu kafin a ci nasara, ƙanensa Alu ya shigo Kano a 1894. Can 'yan uba ne, nan 'ya'yan wa da ƙane, jikokin Dabo duka, amma gida ɗaya ne ya ci kansa. Yara da yawa a ɗakin ba su taɓa jin labarin ba, a daren nan kuma sai da mai gidan ya ƙara fetur.

Ga mai son zuwa: ka iso kafin a idar da isha'i a masallacin layin idan kana son benci na uku ko na huɗu, nan ne hoto ya fi fitowa kuma fanka ke kaiwa. Benci na ƙarshe na jikin bangon inji, ba za ka ji komai ba. Ka zo da ruwanka. Ka kashe waya, don haskenta na cin ƙyallen. Kada ka kawo yaro ƙarami, littafin mintoci tsiraici yake tsallakewa, ba ya tsallake jini.

Zango na biyu ya ƙare a Agustan 2024 da kashi takwas, ya bar abu biyu a allo. Na farko a kan Laenor ne, wanda fim ya nuna ya tsere da ransa a kwalekwale: tunda dodonsa Seasmoke ya zaɓi Addam, masu cewa dodo ba ya karɓar sabon mahayi sai na farko ya mutu sun rubuta cewa Laenor ya rasu a can inda ya gudu. Na biyu, an nuno Otto Hightower, mahaifin Alicent, a kulle cikin wani kurkuku, ba a faɗi wanda ya kama shi ba. Mutum tara sun rubuta gidan Beesbury, saboda an kashe dattijonsu a zauren majalisa. Ni na rubuta Larys Strong, don shi ne aka aika ya nemo Otto, kuma shi ne zai fi kowa asara idan tsohon ya dawo fada. Baba ya ƙi rubuta komai, ya ce bai gama kallon idon Larys ba tukuna. Nawa yana layi na huɗu daga sama, an rubuta "Tela" a gefensa, kuma na roƙi mai gidan ya riƙa bin sa da alli idan ya fara dusashewa.